Ranar da Aka Buɗe Rumbun Kawu

Ni dai tun ina yarinya fim ɗin wahala ke tayar mini da hawan jini. A gidanmu na Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, in aka kunna talabijin aka nuno ƙasar da yunwa ta kama, na riga na san abin da zan gani. Baƙar mace zaune a ƙasa da yagaggen zane, ƙudaje na shawagi a fuskar ɗanta, bakinta a rufe. Can sai wata farar fata ta sauko daga farar mota, ta yi ta zuba bayani a madadinta. Namu na gida ma ba su tsira ba. In za a nuna 'yar aiki sai an nemo baƙa an shafa mata toka a ƙafa, in kuwa 'yar masu gida ce sai an samo fara sol. Mahaifiyata takan ce in rufe baki in bar mutane su yi kallonsu, wai ni komai sai na mai da shi faɗa. Gaskiyarta, ina da zuciya, kuma koyarwar da nake yi a sakandare ba ta rage mini ita ba. Amma ban taɓa kawowa a raina za a zo yin irin wannan fim a tsakar gidan kawuna ba.

Shekarar da gulbi ya cika ya ci fadama ne. Kawu, yayan mahaifiyata, yana zaune a Gulma, can ƙasar Argungu. Yana noma shinkafa a fadama, gero a wata gona da ke gangare, in rani ya yi ya ɗan taɓa kamun kifi. Ba mai kuɗi ba ne, amma mutum ne da ake zuwa ƙofarsa. In damina ta kama wani ba shi da irin shuka, wajen Kawu zai je. Wannan shekarar ruwa ya kwanta a kan shinkafarsa har ta ruɓe, ya hau gangaren ya tafi da geron.

A gidan Kawu, kamar gidaje da yawa a can, rumbu na maigida ne. Mace ba ta taka tsani ta leƙa ciki. Kowace safiya shi zai hau, ya ɗaga murfin, ya sauko da abin da za a ci a ranar, ya miƙa wa Inna, matarsa. Yawan abin da ya rage tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Da haka ake rufa wa juna asiri, don ko gida ya shiga wani hali, uwargida na iya cewa ba ta sani ba, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ni ma da gangan ban sani ba. Na je kasuwar Argungu sayen bandar kifi, na bi ta wajen 'yan hatsi, sai na hango wani tsoho a tsugune ya juya wa hanya baya, ana auna masa gero a ƙaramin buhu. Hular na fara ganewa. Kafin in kauce ya waigo muka haɗa ido. Bai tashi ba, ya yafito ni, na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗiyata, ba ki gan ni ba," in ji shi.

Na ce, "Ban gan ka ba, Kawu."

A nan ya gaya mini cewa babu komai a rumbun sai daɓe. Yakan sayo ɗan abin da ya samu, ya lulluɓe shi da komar kifi a bayan babur, in mata sun shiga ɗaki sallar azahar ya hau ya zuba. Da safe ya sake hawa ya ɗebo kamar kullum. Ya ce wa Inna bana sussukakke ya adana. Ya roƙe ni ko mahaifiyata kada ta ji. Na koma Birni da kifina a leda, ranar ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Ba a daɗe ba ya bugo mini waya, muryarsa har da ɗan ɗoki. Wai wasu Turawa za su zo ɗaukar hoton mutanen da ruwa ya yi wa ɓarna, mai gari ya zaɓi gidansa. Yana so in zo tunda ina jin Turanci, kada a sayar da shi yana tsaye. Na tambaye shi ko ya san irin hoton da suke nema, ya ce hoto ai hoto ne, a tsaya a yi kyau a ɗauka. Na so in ce masa ya ƙi, amma ya riga ya amsa wa mai gari.

Ranar da aka sa, na shiga motar Argungu da sassafe. A tasha na tarar da Kawu cikin babbar rigarsa ta Sallah, ya zo taryen baƙi da kansa. Baƙin ba su iso ba sai da rana ta ɗaga sosai, muna zaune a bencin mai shayi, shi yana ta gyara zaman hula. Su uku ne. Wata Baturiya siririya mai malafa, ga fara'a, ga son gaisuwa da hannu biyu. Mai kyamara, wani ƙato daga Legas da ba ya magana. Sai jagoransu, Bahaushe ɗan Abuja da baƙin tabarau, wanda ya riga ya zo Gulma a kwanakin baya ya duba gidan. Tun a gaisuwa jinina bai haɗu da nasa ba, don a tsaye ya miƙa wa Kawu hannu yana latsa waya.

Da muka shiga gidan ni kaina sai da na tsaya. An yi wa katanga sabon yaɓe, an share tsakar gida har ba ka ganin tsinke. Kujerun roba jere, na san na aro ne daga makwabta. Inna ta fito da kwanukan jerenta ta goge, an shimfiɗa tabarmar da ba a fitarwa sai mai girma ya zo. Ƙamshin miyar kaza ya cika gida, ga fura an dama da nono a sabuwar ƙwarya. 'Yan matan Kawu biyu sun sha lalle da kwalli. Mutanen da ruwa ya cinye wa noman shekara guda ke nan, amma baƙo zai shigo, kuma a wajensu baƙo ba ya ganin babu.

Fuskar jagoran ta canza. Ya zare tabarau ya ce wannan ai gidan biki ne, ba abin da ya gani wancan zuwan ba ke nan. Baturiya ta yi ta murmushi tana cewa ya yi kyau, amma idonta na neman wani abu daban. Suka ɗan yi ƙus-ƙus. Nan da nan aka fara kwashe kujeru. Aka naɗe tabarma, aka tura babur bayan ɗaki, aka jefa tsohon buhu a kan farantin sola da ke bisa rufi. Sannan jagoran ya ce Kawu ya tuɓe babbar riga ya sa kayan da yake shiga ruwa da su. Na buɗe baki, Kawu ya ɗaga mini hannu. Ya shiga ɗaki ya fito da wata singileti da ta koɗe da gajeren wando. Ban taɓa ganin gwiwoyin kawuna ba sai ranar.

Sai aka zo kan 'yan mata. Babbar baƙa ce, Kawu sak. Ƙaramar fara ce, ta ɗauko kakarsu da ta fito daga Fulani. Ciki ɗaya, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya suke ci, kuma tun da ruwa ya zo tare suke rage loma. Jagoran ya dube su ya ce ƙaramar ta koma ɗaki. Na tambaye shi dalili. Ya ce masu kallo ba za su yarda 'yar gidan nan ce ba, ba ta yi kama da mai wahala ba. Babbar kuma ta wanke kwallin, ta cire mayafin, ta zauna kusa da murhu. Aka juye miyar kazar a wani kwano aka kai ɗaki, aka ajiye mata tukunyar wayam a gabanta. Ni ma aka ce in koma bayan kyamara, wai da gilashina da hasken fatata na fi kama da ma'aikaciyar agaji.

A nan zuciyata ta ɗebe ni. Na bar jagoran na fuskanci Baturiya da Turanci. Na tambaye ta ko yunwa launin fata take dubawa kafin ta shiga ciki. Ba ta yi fushi ba, wannan ma ya ƙara ƙona mini rai. Ta yi mini bayani a hankali cewa mutanen ƙasarsu ba sa tsayawa kallo sai na ɗan lokaci, in ba su gane wahala a kallon farko ba za su wuce, kuma in sun wuce babu taimakon da zai zo. Na ce mata abin da suke ganewa ai hoton da aka saba nuna musu ne, ita kuma ta zo ta ƙara musu wani irinsa. Ta ce ta fahimce ni. Ta fahimce ni, amma babbar na nan zaune gaban tukunya, kanta a sunkuye, tana ɓoye lallen hannunta a cikin zane kamar yadda aka umarce ta. Ƙaramar kuma na leƙowa ta labule tana hawaye, don a ganinta an kore ta ne.

Kawu ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Malama, baƙinmu na. A bar su su gama."

Na ja da baya. Kafin nan gida ya cika. Mai gari na zaune a kan turmin da aka kifa masa, liman na gefensa, maza sun tsaya a bakin zaure, mata da yara sun yi layi ta saman katanga. A cikin mazan nan akwai waɗanda na sha gani suna fita daga gidan da irin shuka a ƙwarya. Aka yi wa Kawu tambayoyi ina fassarawa. Duk abin da aka tambaye shi sai ya ce alhamdu lillahi, ruwa ya taɓa su amma da sauƙi. Jagoran ya yi tsaki ya ce da wannan ba za a yi fim ba.

Sai Baturiya ta juya ta dubi rumbun. Yana nan a kusurwar gabas, na ƙasa, da hular ciyawa, tsani jingine a jikinsa. Ta ce mini in roƙi Kawu ya buɗe su ɗauki cikinsa.

Na ce mata ba a yin haka a nan, ko matarsa ba ta taɓa gani ba. Ta ƙura mini ido, ta tambaye ni ko babu komai a ciki ne. Fuskata ba ta iya ɓoye abu, tun ina ƙarama haka nake. Na ga ta gane. Ta ce in haka ne wannan shi ne hoton da zai kawo wa garin duka taimako. Na ce ba zan fassara ba. Ai kuwa jagoran ya ɗaga murya da Hausa yadda har na kan katanga za su ji, ya ce Baba ya hau ya buɗe rumbu duniya ta ga halin da ake ciki.

Kawu ya dube ni, ni kaɗai, na kuwa san abin da kallon ke nufi, don ni kaɗai ya gaya wa sirrin rumbun. Na ce wa jagoran da ƙarfi in rumbu yake son gani ya je ya buɗe na ubansa. Liman ya ce subhanallahi, mai gari ya ce in yi hankali, akwai manya. Sannan ya juya ga Kawu ya ce, "Buɗe musu, Malam. Don gari na."

Da baƙo da mai gari sun haɗu a kan magana ɗaya, Kawu ba shi da hanyar fita. Ya waiga wajen Inna. Tana tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu, idonta a ƙasa, ko motsi ba ta yi ba. Ya taka zuwa tsanin a hankali. Mai kyamara ya jawo wata ganga ya hau, ya ɗaga na'urarsa sama da kafaɗar Kawu. Ina kallon ƙafafun tsohon nan a kan tsani, ina jin kamar in ruga in ture gangar. Tsoro nake ji, tsoron abin da zai rage na mutumin nan in ya sauko. Ya kama hular rumbun ya ture gefe, ya ɗaga murfin, ya leƙa.

Ya daɗe a haka bai ɗago ba. Mai kyamara ne ya fara sauke hannu, ya dubi Baturiya ya girgiza kai. Jagoran ya hau gangar ya leƙa, ya sauko yana huci.

"Cike yake," in ji shi. "Dammunan gero har baki."

Baturiya ta dube ni kamar na yaudare ta. Da ta san yadda kaina ya ɗaure, da ba ta yi mini wannan kallon ba. Daga kan katanga wata mata ta ce masha Allah, wasu suka amsa. Kawu ya mayar da murfi, ya gyara hular ciyawa, ya sauko ba tare da ya dubi kowa ba. Kai tsaye ɗaki ya shiga, ya fito sanye da babbar rigarsa da hula, ya ce a kawo wa baƙi abinci.

Ba su ci ba. Jagoran ya ce an ɓata musu lokaci, akwai wani ƙauye a gaba. Baturiya ta kurɓi furar sau ɗaya don kunya, ta yi godiya da hannu biyu, suka tafi. Daga baya na ga fim ɗin a waya. Babu Kawu a ciki, babu rumbun. Amma babbar na nan, na ɗan ƙiftawar ido, zaune gaban tukunya wayam, muryar Baturiya na magana a kanta. Ni da na san miyar kaza na bayan labule a lokacin, sai na kashe wayar.

Da mutane suka watse na sami Inna a madafa. Ban ma tambaye ta ba ta fara gaya mini, tana kankare tukunya. Tun zuwan jagoran na farko ta ga yana zagaya rumbun, kuma mata sun ji a bakin rijiya cewa a wani gari sai da aka sa magidanta suka buɗe nasu. Da Kawu ya fita taryen baƙi da safe, ta ɗauki mayafi ta bi gidajen da gonakinsu ke tudu, ta yi magana da matan. Matan suka yi magana da mazansu. Mazan ne suka ɗauko, wani dami ɗaya, wani biyu, su suka hau suka jera. Na ce ashe ta sani. Ta ce tun ranar farko, geron kasuwa da na rumbu ba ƙamshinsu ɗaya ba.

"Amma ni ban leƙa ba," in ji ta. "Har yau ban leƙa ba."

Bayan la'asar Kawu ya kira ni. Ya hau tsani yana miƙo mini dammunan ina tarba. Bai tambayi kowa ba, kowane dami ya juya ya san mai shi. Wannan ɗaurin kaba da ƙulli biyu na makwabcinsa na gabas ne. Wancan da igiyar rama na liman ne. Ga na maiwa, mutum ɗaya ke noma ta a unguwar. Yana faɗa muryarsa na ƙara yin ƙasa. Ya ce abin aro ne, kamar kujeru, sai a mayar kafin magariba.

Ya ɗora na farko a kai, da babbar rigarsa da komai, na bi shi a baya. Makwabcin na gabas na zaune a ƙofar gida yana gyaran koma. Kawu ya sauke damin a gabansa ya yi masa godiya. Mutumin ya dubi damin, ya dubi ƙullin da kowa ya san nasa ne, ya ci gaba da ɗinkinsa.

"Wanga ba nawa ba na, Malam. Daga rumbunka ya hito, gari duka ya gani."

Kawu ya yi ta yi da shi, ya ƙi. Muka je gidan liman, ya ce shi bai san da wani dami ba. Mai maiwar ma, da babu mai irinta sai shi, ya ce bana ko zangarniya bai ba kowa ba. A gida na huɗu Kawu bai ko sauke ba, ya tsaya a ƙofa ya juyo. Muka dawo da damin yadda muka fita da shi.

Ya zauna a gindin rumbun, ya cire hula ya riƙe a hannu. Na tsuguna nesa kaɗan. Can ya ce, ba ni yake kallo ba, "Ashe kowa ya sani, ɗiyata. Ni kaɗai ni ka ɓoyo." Duk bakin nan nawa da ya yi ta yi wa Baturiya da jagoranta tsiwa, ya mutu. Kuka ne ya zo mini, na juya baya don kada ya gani.

A Gulma na kwana. Da safe ina alwala na ga Kawu ya fito ya tsaya a gindin tsani, ya daɗe bai hau ba. Sannan ya kira Inna. Ta fito da ƙwarya kamar kullum. Ya matsa gefe ya nuna mata tsanin, ya ce ta hau ta ga abin da ke akwai, tunda babu sauran abin ɓoyewa.

Inna ta durƙusa inda ta saba durƙusawa, ta ajiye ƙwaryar a gabanta.

"Malam, hau ka sauko muna da shi," in ji ta. "Rana na yi, ba a yi sussuka ba."

Ya dube ta, ya dubi tsanin. Ya tattare rigarsa ya hau.